Sauya jami'a ba ya wanke sakamako

Sauya jami'a, wanda ɗalibai ke kira taransifa, shi ne ɗalibi ya bar jami'ar da ya fara karatu ya ƙarasa digirinsa a wata. A Najeriya galibi aji biyu ake karɓar mai taransifa, bayan ya kammala aƙalla shekara ɗaya a inda yake. Dalilan da ke sa a tashi suna da yawa: aure, tsadar kuɗin makaranta, yajin aikin ASUU irin na wata takwas a 2022, ko yaƙin Sudan na 2023 da ya koro ɗalibai gida.

Abin da ya fi ci wa malamai tuwo a ƙwarya shi ne jita-jitar da ke tashi duk lokacin da aka kafe sakamako a allon sashe. Yaro ya tara kariyoba huɗu ko biyar, an ba shi gargaɗin kora, sai wani ya raɗa wa mahaifinsa cewa a nema masa taransifa, can zai fara da sabon shafi. Wannan ba gaskiya ba ne. Abu na farko da sabuwar jami'a ke nema shi ne cikakkiyar takardar sakamako, kuma bisa al'ada ofishin rajistara ne ke aika ta kai-tsaye, ba a damƙa wa ɗalibi ya kai da hannunsa. Duk faɗuwar da ya yi tana ciki, baƙi a kan fari. Kowace jami'a tana da mafi ƙarancin makin da take karɓa, wanda aka kora saboda faɗuwa ko satar jarrabawa kuwa ba a ko duba fom ɗinsa. Sannan sai sashe ya ce akwai gurbi, majalisar malamai ta amince. To ina wani "mai hanya" da ke karɓar kuɗi a gindin bishiya zai shiga cikin wannan? Iyaye na sayar da gona su biya, yaro ya shekara uku yana shiga aji, ranar fitar da sunayen masu bautar ƙasa a tarar babu shi a kundin JAMB. Masu cewa a leƙa Kwatano a dawo da digiri ma su tuna cewa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida.

Mai dalili na gaskiya ya zaɓi sashe, kada sunan jami'a ya ruɗe shi. Ya fara tabbatar da cewa hukumar NUC ta amince da kwas ɗin. Idan likitanci ne ya duba amincewar MDCN, idan injiniyanci ne ta COREN. Ya ɗauki jerin darussan da ya ci ya gwada da na sabon sashen, domin duk wanda bai yi daidai ba sai ya sake shi, ta haka ne ɗan aji uku kan koma aji biyu. Ya taka da ƙafarsa ya je, gani ya kori ji. Ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje ya ga ko na'urorin na aiki ko ƙura ce ta rufe su, ya tambayi 'yan aji huɗu ɗalibi nawa malami ɗaya ke dubawa a furojet, ya zauna da malamin da ke kula da ajin da zai shiga. Kuɗin haya da na mota su ma a lissafa. Kada ya daina shiga aji a tsohuwar jami'arsa sai takardar amincewa ta zo hannunsa da hatimin rajistara, daga nan ya bi ta JAMB a gyara bayanansa su koma sunan sabuwar jami'ar.