Kurdawan Iraki: Tuta Tasu, Baitulmali Na Bagadaza

Kurdawa al'umma ce ta Musulmi, galibinsu mabiya mazhabar Shafi'iyya, kuma daga cikinsu ne Salahuddinil Ayyubi ya fito, wanda ya ƙwato Ƙudus a 1187. Amma da aka raba daular Turkawa bayan yaƙin duniya na farko, sai ƙasarsu ta tsattsage tsakanin Turkiyya da Iraki da Siriya, wani yanki kuwa dama yana hannun Iran.

Waɗanda ke Iraki sun sha azaba a hannun Saddam Husaini. A 1988 aka zuba wa garin Halabja iskar guba, mutum wajen 5,000 suka halaka, Musulmi a hannun Musulmi. Da Amurka ta tumɓuke shi a 2003, sai ƙofa ta buɗe musu. Tsarin mulkin 2005 ya amince da yankin Kurdistan, da majalisarsa a Arbil, da dakarunsa da ake kira Peshmarga. A shekarar ne Jalal Talabani ya zama shugaban Iraki, kujerar ta zama ta Kurdawa bisa al'ada, ko da yake ainihin iko yana wurin firayim minista.

To, amma fa mulkin kan da ba shi da asusu bai cika ba. Sashe na 140 na tsarin mulki ya ce kafin ƙarshen 2007 a tambayi mutanen Kirkuk, birnin man fetur, inda suke so su bi. Ba a yi ba. A watan Satumba na 2017 Mas'ud Barzani ya kira ƙuri'ar ɓallewa, fiye da kashi 90 cikin 100 suka ce i. Ba a yi wata guda ba sojan Bagadaza suka karɓe Kirkuk da rijiyoyinta, domin jam'iyyar Barzani da ta Talabani, waɗanda suka yaƙi juna daga 1994, ba su tsaya wuri ɗaya ba. A ganinmu wannan saɓani ya fi makaman Bagadaza cutar da su.

Talaka ne ya ɗauki nauyin. Tun 2014, lokacin da Bagadaza ta tsuke rabon yankin saboda ya sayar da mai ta Turkiyya ba da izininta ba, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka riƙa yin watanni ba albashi, ciniki ya ja baya a kasuwannin Sulaimaniyya. A watan Fabrairu na 2024 babbar kotun tarayya ta yanke hukunci cewa gwamnatin Bagadaza ce za ta riƙa biyan ma'aikatan Kurdistan, ta bankunan gwamnati.