Ƙwallon Kwando da Masu Koyar da Shi

Babu yaron da bai san ƙwallon ƙafa ba a cikinku, gama ko a ƙofar gida kun sha buga shi da ƙwallon tsumma. To, akwai wani wasan ƙwallo kuma wanda ba a sa masa ƙafa ko kaɗan, sai hannu. Sunansa ƙwallon kwando. Mutum 5 ke tsayawa a kowane gefe. A kowane ƙarshen fili akan kafa dogon ƙarfe, a maƙala masa allo, a jikin allon kuma a ɗaura zobe mai raga wadda gindinta yake a buɗe. Daga ƙasa zuwa zoben nan ƙafa 10 ne. Wanda ya jefa ƙwallo ya faɗa cikin zoben abokan karawarsa ya ci maki 2. In daga nesa ya jefa, bayan wani layi da aka shata, maki 3 ke nan. In kuwa an yi wa mutum ƙeta sa'ad da yake jifa, sai alƙalin wasa ya ba shi damar ya jefa ba mai tare shi, kowace jifa da ta shiga maki 1.

Babbar dokar wasan ita ce ba a rungume ƙwallo a ruga da shi. Mai ƙwallo ko dai ya riƙa buga shi da ƙasa yana tafiya, ko ya miƙa wa ɗan'uwansa, ko ya jefa kwando. Dokar nan tana da dalili, dalilin kuwa yana cikin labarin mutumin da ya ƙago wasan.

Malamin makaranta ne, sunansa James Naismith, mutumin ƙasar Kanada. An haife shi cikin 1861, ya zama maraya yana da shekara 9, gama zazzaɓi ya kashe iyayensa duka biyu cikin shekara guda. Da ya girma ya yi karatu, sai ya sami aikin koyarwa a wata makarantar horon malamai a garin Springfield, cikin Amurka. Ƙasar nan kuwa in damina ta wuce, hunturu ya shigo, sanyinta ba irin namu ba ne. Dusar ƙanƙara takan rufe filaye, ba dama a fita wasa waje har wata da watanni. Cikin watan Disamba na 1891 aka ba shi wani aji na samari 18 waɗanda zaman ɗaki ya gundura, suka zama masu wuyar bi. Shugabansa ya ba shi kwana 14 ya samo musu wasan da za su yi a cikin ɗaki ba tare da sun ji wa juna rauni ba.

Naismith ya zauna ya yi tunani. Ya lura cewa a wasannin da ya sani, faɗa yana tashi ne sa'ad da wani ya ruga da ƙwallo, sauran suka bi shi don su kā da shi. Saboda haka ya hana gudu da ƙwallo. Ya kuma lura cewa in raga tana ƙasa, mai ƙarfi ne ke cin riba, domin da ƙarfi ake buga ƙwallo a cikinta. Saboda haka ya ɗaga wurin cin sama da kan mutane, inda ƙarfi ba ya amfani, sai saiti da natsuwa. Ya nemi akwatuna biyu wurin mai kula da makaranta, ba a samu ba, sai aka kawo masa kwanduna biyu irin na zuba 'ya'yan itace. Ya kafe su a jikin baranda da ƙusa, barandar kuwa tsayinta ƙafa 10 ne daga ƙasa, shi ya sa har wa yau tsayin bai sāke ba. Ya rubuta dokoki 13, ya raba samarin tara tara. Wasan farko ƙwallo ɗaya tak ya shiga kwando. Tun da kwandon yana da gindi, in ƙwallo ya shiga sai an hau tsani an ciro shi. An daɗe ana wannan wahala kafin a yi dabarar buɗe gindin!

Ku lura da abu guda. Samarin nan 18 ba yara ba ne, masu koyon aikin horar da matasa ne. Da suka gama karatu suka watsu, kowa ya tafi da wasan inda aka tura shi aiki, ya koya wa yaran wurin. Ta haka wasan ya bazu, daga hannun malami zuwa hannun almajiri. Naismith bai mutu ba sai da ya ga ƙasashe suna karawa a wasansa a gasar Olamfik da aka yi a Jamus cikin 1936. Ya rasu cikin 1939.

Yanzu bari mu komo gida Nijeriya, mu ga yadda yara biyu suka shiga wasan nan, da waɗanda suka kama hannunsu.

Na farko shi ne Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Ikko, watau Legas, cikin 1963. Iyayensa sana'ar sayar da siminti suke yi. Yana yaro ƙwallon ƙafa yake yi, shi ne mai tsaron gida. Bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15, yana makarantar sakandare. Ga shi dogo ƙwarai, gama da ya gama girma tsayinsa ya kai kusan ƙafa 7. Cikin 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka don su gwada shi. Ba wanda ya zo taryensa a filin jirgin sama, sai da ya ɗauki motar haya ya kai kansa makarantar.

Tsayi kaɗai ba ya wasa. Da fari Hakeem ba ya samun shiga fili sosai, domin bai ƙware ba, kuma yana yawan yin laifi a wasa. Ya tambayi masu koyar da shi yadda zai yi, suka ce ya je wurin Moses Malone. Malone kuwa a lokacin yana cikin manyan 'yan wasan duniya, kuma in an yi hutu yakan je wani ɗakin wasa na jama'a a garin Houston ya yi wasa da duk wanda ya zo. Hakeem ya riƙa zuwa yana karawa da shi. Malone bai sassauta masa ba don ganin yaro ne baƙo. Yakan ture shi, ya ƙwace ƙwallo, ya ci, sa'an nan a sāke. Ga ganina wannan ita ce babbar alfarma da ya yi masa, gama da ya riƙa ƙyale shi yana ci don kada ransa ya ɓaci, da yaron ya koma makaranta yadda ya zo. Da hutu ya ƙare aka ga Hakeem ya zama wani mutum dabam a fili.

Cikin 1984, sa'ad da ƙungiyoyin babbar gasar Amurka, wadda ake kira NBA, suka zo zaɓen sababbin 'yan wasa, shi aka fara ɗauka. Michael Jordan, wanda kuka sha jin sunansa, shi ne na uku a zaɓen shekarar. Hakeem ya ci wa ƙungiyar Houston kofi cikin 1994 da 1995. Saurin ƙafar nan da ya koya yana tsaron gida a Ikko shi ya riƙa ruɗa abokan karawarsa da shi. Musulmi ne mai riƙon addini. Cikin watan Fabrairu na 1995, wanda ya dace da watan Ramalana, shi aka zaɓa gwanin wata a gasar duka, alhali yana azumi. Bayan ya bar wasa, manyan 'yan wasa irin su Kobe Bryant da LeBron James suka riƙa zuwa wurinsa yana koya musu dabarun ƙafa, kamar yadda shi ma ya je wurin Malone.

Na biyun ya fi kusa da mu, domin a Zariya ya tashi. Sunansa Masai Ujiri. An haife shi a Ingila cikin 1970 sa'ad da iyayensa ke karatu can, aka komo da shi yana ƙarami. Ubansa ɗan Nijeriya ne, uwarsa kuwa likita ce mutuniyar Kenya. Shi ma da ƙwallon ƙafa ya fara. Yana da shekara 13 ya shiga ƙwallon kwando a filayen Zariya, inda wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello, yana kuma karɓar yaran gari da suka zo koyo. Mutumin nan ya bar ƙasar da wasan ya fi daraja a duniya, ya zauna a Zariya cikin rana da ƙurar hunturu yana nuna wa yara yadda ake riƙe ƙwallo. Sunansa bai kai na almajiransa nisa ba. Haka aikin malami yake tun fil azal, ku tambayi malaminku ku ji.

Masai ya tafi Amurka karatu, ya yi wasa a wata ƙaramar kwaleji, sa'an nan ya yi shekara 6 yana wasa a ƙungiyoyin Turai. Amma bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba, gwanintarsa ba ta kai nan ba. Wannan shi ne abin da ke samun mafi yawan masu wasa, kuma ya kamata ku san shi tun yanzu. Ƙungiyoyin NBA 30 ne, mutum 60 kacal suke zaɓa a shekara daga duniya duka. Yaron da ya watsar da littafinsa yana zaton ƙwallo zai ci da shi, ya sayar da akuyarsa ne don jin labarin raƙumi a dawa.

Da Masai ya bar wasa cikin 2002, sai ya shiga aikin neman yara masu baiwa domin ƙungiyoyi. Da fari ƙungiyar Orlando ya yi wa aikin, ba a biyansa ko anini. Da kuɗinsa yake tafiya, yana kwana a ɗakunan abokai, yana kallon wasanni yana rubuta abin da ya gani. Abin da ya taimake shi a nan ido ne, da iya rubutu, da iya zama da mutane. Daga nan ƙungiyar Denver ta ɗauke shi da albashi. Ya yi ta hawa har ya zama manajanta cikin 2010. Cikin 2013 aka zaɓe shi gwanin masu tafiyar da ƙungiyoyi na shekara, a shekarar kuma ya koma ƙungiyar Toronto ta ƙasar Kanada. Cikin 2019 ƙungiyar nan ta ci kofin NBA, karo na farko ke nan da kofin ya fita daga Amurka, ya kuwa tafi ƙasar Naismith. Masai ya riƙe ƙungiyar har 2025.

Tun cikin 2003, sa'ad da bai tara kome ba, ya fara wani aiki a gida. Ya kafa ƙungiya mai suna Giants of Africa, watau ƙattan Afirka, wadda takan tara yara lokacin hutu a yi musu sansanin horo na 'yan kwanaki. A Nijeriya aka fara, daga baya aka kai ƙasashe da dama, ana ɗaukar maza da mata. A sansanin akan koya musu jifa da tsaro da miƙa ƙwallo, akan kuma zaunar da su a yi musu magana a kan gaskiya, da kiyaye lokaci, da girmama mata, da riƙon karatu. Waɗansu daga cikinsu sun sami gurbin karatu a makarantun ƙasashen waje ta dalilin wasan. Cikin 2021 ƙungiyar ta ɗauki alkawarin gina filaye 100 a Afirka, gama an ga cewa yara suna nan, fili ne babu.

Irin wannan sansani ya fid da Pascal Siakam, mutumin Duwala ta ƙasar Kamaru. Wani ɗan ƙasarsu da ya riga shi zuwa NBA, Luc Mbah a Moute, shi ya komo gida ya buɗe sansani, ya gan shi a can. Cikin 2016 Toronto ta ɗauke shi, yana kuma cikin waɗanda suka ci kofin 2019. 'Yan mata ma kada su ce ba da su ake ba. Ƙungiyar matan Nijeriya ta ci kofin Afirka sau 5 a jere, daga 2017 zuwa 2025, kuma a gasar Olamfik ta 2024 a Faransa, ƙarƙashin mai horar da su Rena Wakama, suka kai zagayen ƙungiyoyi 8 na ƙarshe, inda wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa kaiwa ba.

To, yaya makaranta irin taku za ta fara? In na je rangadin makarantu nakan ji ana cewa wasan nan na masu kuɗi ne. Ba haka ba ne. Cikakken fili tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, bai kai sulusin filin ƙwallon ƙafa ba, kuma da rabinsa ma ana wasa, mutum uku uku a kwando ɗaya. Ana bukatar daɓe mai tauri wanda aka share wa tsakuwa, don ƙwallo ya yi tsalle. Maƙeri zai iya lanƙwasa zoben ƙarfe mai faɗin inci 18, kafinta ya yanko allo. Ga 'yan ƙananan aji a rage tsayin zoben, kada a sa su jifa ƙafa 10 tun hannunsu bai yi ƙwari ba, domin nan ne yaro ke koyon mugun riƙo wanda yake da wuyar gyara.

A makon farko kada a yi gasa. A jera yara biyu biyu suna fuskantar juna, babba da ƙarami, tsakaninsu taki 4. Babban ya riƙe ƙwallo da hannu biyu daidai ƙirjinsa, da yatsu, ba da tafin hannu ba, ya tura shi zuwa ƙirjin ƙaramin, shi kuma ya cafe ya mayar. In sun yi sau 20 ƙwallo bai faɗi ba, su ƙara taki ɗaya. In ya faɗi, babban ya je ya gyara wa ƙaramin yatsunsa, su sāke ƙirga daga ɗaya.