Yadda Muka Gano Cutar Kwamfutar Yayana

Yayana yana da ɗan shago a bakin kasuwar garinmu, inda yake buga wa mutane takardu da katin biki. Jarinsa duka wata tsohuwar kwamfuta ce ta tebur wadda ya saya ta hannu. A hutun bazara ni na dame shi da cewa ta cika nawa, ya kamata a sake mata ƙwaƙwalwa, watau abin nan da masu gyara ke kira furosesa. Wanda ke cikinta Core i3-2100 ne na kamfanin Intel, sai ya daure ya sayo Core i7-2600, shi ma na hannu. Su biyun duk fitowar zamani guda ne, shekarar 2011, kuma gurbinsu a jikin babban allon ciki iri ɗaya ne, ana ce da shi LGA 1155. Saboda haka sabon ya zauna daram, muka kunna ta tashi, muka yi ta murna.

Ashe murnar ba mai nisa ba ce. Kashegari da azahar, yana tsakiyar aikin wani mai biki, sai kwamfuta ta daskare, jim kaɗan ta mutu ɗif. A kwana uku ta yi haka sau bakwai. Masu aiki suka fara komawa shagon maƙwabci. Yaya bai yi mini faɗa ba, sai dai ya ce, "To, malam injiniya, ga ta nan." Wannan magana ta fi mini bulala zafi.

Da farko mun zargi ƙwayar cuta, har muka ɓata yini guda muna sake zuba Windows. Ana cikin zubawar ma ta sake mutuwa. Wannan ya nuna cutar a jikin ƙarfen take. Sa'an nan muka gwada ram da wata manhaja mai suna Memtest86, ba ta sami kuskure ko ɗaya ba. Akwatin wuta kuwa muka aro wani muka sa, duk kanwar ja ce.

Abin da ya fisshe mu shi ne na ɗauki littafi na riƙa rubuta lokacin da take mutuwa. Da safe lafiya lau. Sai rana ta take, ko kuwa an ba ta aiki mai nauyi na hotuna, sa'an nan take faɗuwa. Na sa manhajar Core Temp mai auna zafi, na ga tana zaune kawai zafin ya haura digiri 60, da an fara aiki kuwa sai ya doshi 100.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga dalili. Furosesa wutar da ya ci duk zafi take komawa. Tsohon namu mai cibiya biyu ne, an ƙiyasta zafinsa a kan wat 65. Sabon mai cibiya huɗu ne, nasa wat 95. Mu kuwa muka mayar masa da ƙarfen sanyaya na tsohon, wanda alminiyam ne zalla, alhali irin wanda ake haɗo wa babban yana da jan ƙarfe a tsakiyarsa, shi kuwa jan ƙarfe ya fi saurin janye zafi. Idan zafi ya kai iyaka, furosesa yakan rage gudu da kansa, in abin ya faskara ya kashe kansa don kada ya ƙone.

Da muka buɗe sai kunya ta kama ni, don akwai laifina har biyu. Tsakanin furosesa da ƙarfen akan shafa wani mai toka-toka wanda ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, domin iska ba ta ɗaukar zafi da kyau. Ni ban sa sabo ba, na bar tsohon da ya bushe kamar laka. Kuma daga cikin ƙafafu huɗu masu riƙe ƙarfen, ɗaya ba ta shiga raminta ba, ƙarfen ya ɗan karkace. Ga ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarinsa.

Muka sayo ƙarfe mai jan ƙarfe da fankarsa, muka goge tsohon man da sifirit, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Ƙafafun kuwa na danna su biyu-biyu, kusurwa da kishiyarta, har kowace ta ce ƙas. Muka ba ta aiki mafi nauyi da tsakar rana, zafin bai wuce digiri 72 ba.

Ran kasuwa ta yi aiki tun daga hantsi har magariba ba ta ko yi tari ba. Da za mu rufe shago Yaya ya miƙo mini kuɗin tsire, ya ce na man da na fanka kuma zai cire a ladan aikina na hutu.