Tsohuwar mota ma tana da kasonta a asusu

Ƴan uwana mata, maganar sayen mota ta yawaita a ƙungiyoyinmu: a saya, a ba direba ya yi taksi, kullum da marece ya kawo ciniki. Mu mun gwada, don haka bari in gaya muku abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba.

Shekara 3 ke nan da ƙungiyarmu ta sayi tsohuwar Toyota Starlet, irin waɗanda suka cika titunan Yamai. Tun 1999 aka daina ƙera wannan samfurin, ke nan ƙaramar cikinsu ma ta haura shekara 25. Wata 5 na farko komai lafiya lau, duk abin da ya shigo sai mu raba. Da zafin Afrilu ya kama, tiyon ruwan radiyato ya tsage. Direba ya ga allurar zafi ta hau, ya ce bari ya kai fasinja tukuna. Kafin ya kai, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ta ƙone. Tiyon jika 5 ne. Gyaran injin ya ci mana jika 120, mota ta yi kwana 19 a gareji. Cikin asusu muka ɗebo kuɗin, mata 2 suka rasa rancen sarin gyaɗa a wannan watan. Ranar taro sai da aka yi ta ba juna haƙuri.

Ga cututtukan da suka fi damun irin wannan mota, da abin da muka biya. Farashi yana canzawa daga gari zuwa gari, kuma kayan gyara sun ƙara tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023.

Man inji. A ƙurarmu da zafinmu, a juye shi duk kilomita 5.000, a canza matatarsa. Mukan biya wajen jika 12. Wanda ya yi rowar wannan, inji zai saya.

Matatar iska. Lokacin hunturu ƙura tana toshe ta, mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan isansi da yawa. A kakkaɓe ta duk mako.

Ruwan inji. Kowace safiya a duba kafin a tada mota. Kada a buɗe murfin radiyato inji na da zafi, ruwan yana ƙona mutum. Allura ta hau, a tsaya nan take.

Bel na cikin inji. Ba a ganinsa daga waje, kuma ba ya sallama kafin ya tsinke. Ana canza shi wajen kilomita 100.000. In mai sayarwa bai san ranar da aka canza ba, ku canza da kanku. Mu jika 35 ya ci.

Birki da ƙafafu. Ramuka da jar hanya suna kashe su. In kun ji ƙarar ƙarfe lokacin taka birki, kada a kwana. Takalman birkin gaba jika 10 ne, ran mutum kuwa ba shi da farashi.

Batir. Zafi yana gajarta masa kwana. Namu bai cika shekara 2 ba, sabo ya ci jika 40.

Yanzu ga dokarmu. Duk jika 10 da mota ta kawo, jika 3 suna shiga akwatin gyara, mai makulli daban, kafin a yi maganar rabo. Daga nan ake biyan inshora da takardu. Akwai littafi guda na mota: rana, kilomita, abin da aka gyara, nawa aka biya. Mata 2 ke raka ta gareji, kuma duk abin da aka cire, a ba mu tsohon mu gani da idonmu.

In kuna shirin saye, ku je da makanikinku, ba na mai sayarwa ba. A tada motar da safe inji na sanyi. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana ƙona mai, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa kuwa ruwa ne ke shiga inji. Kuma kada ku zuba duk kuɗinku a saye. In ba ku da abin gyaran farko a hannu, ku ƙara zubi, motar za ta jira. Allah ya sa albarka a asusunmu.