Kwashe Ɓaraguzai Bayan Bala'i: Abin da Ya Faru a Garin Lahaina

A ranar 8 ga watan Agusta na shekarar 2023, wutar daji ta cinye garin Lahaina da ke gaɓar teku a tsibirin Maui na jihar Hawaii ta ƙasar Amurka. Mutane sama da 100 suka rasu, gine-gine fiye da 2,000 kuma suka ƙone. Garin, wanda ya taɓa zama fadar masarautar Hawaii, da kuɗin 'yan yawon buɗe ido yake rayuwa.

Da wuta ta mutu, sai babbar tambaya ta taso: ina za a kai tokar? Ba toka ba ce irin ta murhu. A cikinta akwai sinadarai masu guba, da tukwanen gas, da batiran motoci masu aiki da lantarki waɗanda kan iya sake kamawa da wuta. Saboda haka aka raba aikin gida biyu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara tsince kayayyakin haɗari. Bayan nan ne rundunar injiniyoyin soja ta shiga da 'yan kwangila, a watan Janairu na 2024, wata biyar bayan gobarar. Kowane mai gida sai ya sa hannu a takardar izini kafin a taɓa filinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, babu juji na dindindin da aka tanada tun kafin bala'in. Dole aka buɗe na wucin gadi a Olowalu, kudu da garin, kusa da teku. 'Yan asalin tsibirin suka nuna rashin amincewa, don gudun kada guba ta malala cikin ruwa. Daga bisani hukuma ta zaɓi wani fili a tsakiyar tsibirin, kuma a watan Yuni na 2025 aka fara sake ɗora kimanin tan 400,000 a manyan motoci zuwa can. Wato kaya ɗaya, dako biyu.

Ga mai otal ko mai shago a irin wannan yanki, lissafin a fili yake. Muddin kango na tsaye, babu sabon gini, babu ciniki. Motocin ɓaraguzan ma babbar hanyar da baƙi ke bi zuwa otal-otal na yammacin Maui suka riƙa ratsawa.