Sanin ma'anar kalmomi: Ginshiƙin da ake mantawa da shi wajen koya wa yara karatu

A makarantun firamare da dama a Najeriya, ɗalibi kan miƙe ya karanta jimlar da ke kan allo ba tare da tuntuɓe ba, amma da zarar malami ya tambaye shi abin da ya karanta, sai ya yi shiru. Ya iya haɗa baƙi da wasali, bai dai san abin da kalmomin ke nufi ba.

Masana sun daɗe da rarrabe waɗannan abubuwa biyu. A shekarar 1986, Philip Gough da William Tunmer suka bayyana cewa fahimtar karatu tana buƙatar iya furta abin da aka rubuta da kuma fahimtar harshen kansa. Idan ɗaya ya gaza, ɗayan ba ya wadatarwa. Rahoton kwamitin nazarin karatu na Amurka na shekarar 2000 ma ya sanya sanin kalmomi cikin ginshiƙai biyar na koyon karatu.

A Hausa lamarin ya fi tsanani, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na iya zama mazaunin jama'a, yana iya zama abin tuƙa tuwo. "Kuka" kuwa, na jariri ne ko bishiyar da ake miya da ganyenta? Haka "wuya", wanda ake rataya sarƙa ko wahala. Yaron da bai san kalmar ba, ko furta ta daidai ba zai iya ba, domin ma'ana ce ke nuna masa inda zai ja wasali.

Nan ne harshen gida ke da tasiri, tun da yaro yana zuwa aji ɗaya da tarin kalmomin da ya ji a bakin iyayensa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna cewa hakan bai hana su iya Turanci ba.

Abin takaici shi ne, maimaita jimla da ƙarfi a bayan malami yana ɓoye wannan giɓi, domin ajin yana amsawa kamar kowa ya gane. Malamin da ya zaɓi kalmomi biyu ko uku ya bayyana su kafin a fara karatu, sannan ya sa kowane yaro ya gina tasa jimlar da su, shi ne zai gane wanda aka bari a baya.