Kuɗin ranar ciniki da kuɗin ƙarshen wata: lissafin ƙwallo daga Garwa

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan ƙwallo a Turai, hirar rumfa takan canza. Samari su riƙe waya suna karanto mana miliyoyi: wane kulob ya sayi wane, nawa aka biya, saboda haka kofin bana nasu ne tun ba a take leda ba. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, na haura hamsin, kuma na daɗe ina kallon ƙwallo da idon mai lissafin jari. Abin da na fahimta shi ne kuɗi na aiki a ƙwallo, amma iri biyu ne. Akwai wanda ake zubawa ranar ciniki, akwai wanda ake biya duk ƙarshen wata. Na biyun ne ya fi riƙe ƙungiya a saman tebur, kuma shaidar tana nan cikin garinmu.

An kafa Coton Sport a 1986, ƙarƙashin kamfanin auduga na Sodecoton mai hedikwata a nan Garwa. A lokacin, kofin Kamaru a kudu yake yawo. Oryx ta Duwala ce ta fara ɗaukar kofin zakarun Afirka, Canon ta Yawunde ta ɗauke shi a 1971 da 1978 da 1980, ga Tonnerre, ga Union ta Duwala. Mu kuwa tsakaninmu da Yawunde akwai tafiyar fiye da kilomita dubu a mota, ga zafin da ɗan kudu ke jin tsoronsa. Wa zai ce ƙungiya daga nan za ta sha gabansu?

To ta sha. Coton ta ci gasar ƙasa karon farko a 1997, ta maimaita a 1998, ta dawo a 2001. Daga 2003 zuwa 2008 ba ta bar wa kowa ba, shekara shida a jere. Zuwa 2023 ta tara kofi 18. Canon kuwa, mai tsohon suna, rabonta da shi tun 2002. A tsakani wasu sun leƙo: Tiko United a 2009, Eding Sport a 2017, PWD ta Bamenda a 2020. Kowacce ta ɗauka sau ɗaya, badi kuma sai a ga Coton ta koma kujerarta.

Abin lura, a kasuwar 'yan wasa Coton mai sayarwa ce. Jacques Zoua ya tafi Basel a 2009, Vincent Aboubakar ya tafi Valenciennes a 2010, Edgar Salli ya tafi Monaco a 2011, Ambroise Oyongo ya tafi Amurka a 2014. Waɗanda take ɗauko wa kuma daga kusa ne. 'Yan uwanmu na Nijar ba su manta da gola Kassaly Daouda da Kamilou Daouda da Karim Lancina ba, duk a nan suka yi tashe. Babu wanda aka biya masa kuɗin da za a buga a jaridun duniya. Abin da ƙungiyar ke da shi wanda da yawa ba su da shi: kamfani a bayanta, kasafin da aka sani tun farkon shekara, kuɗin tafiya kudu, da wurin renon yara.

Wanda ya san gasarmu ya san darajar wannan. Ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasan Kamaru, Synafoc, wadda Geremi Njitap ke shugabanta, ta sha kokawa kan 'yan wasan da ke yin watanni babu albashi. Ƙungiyoyi da dama aljihun mutum ɗaya ke riƙe da su. Bana kasuwarsa ta yi kyau, sai ya kwaso 'yan wasa goma sha biyar da kuɗin sa hannu. Wata huɗu aka yi, albashi ya tsaya. Yaron da bai biya haya ba, matarsa na kira daga gida, da wace ƙafa zai yi gudun minti casa'in?

Turawa ma sun auna wannan. A littafin Soccernomics na 2009, Simon Kuper da Stefan Szymanski sun duba lissafin ƙungiyoyin Ingila na shekaru masu yawa. Suka ga jimillar albashin da kulob ke biya tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsayinsa a tebur, amma kuɗin sayen 'yan wasa kaɗan yake bayyanawa. Dalilin bai fi ƙarfin ɗan kasuwa ba. Farashin ranar ciniki ya haɗa da zumuɗi, da la'adar dillali, da gaggawar mai saye. Albashi kuwa kasuwa ce ke gyara shi shekara bayan shekara: wanda ya iya a ƙara masa, wanda ya gaza a sallame shi.

Ga misali da ɗanmu. André-Frank Zambo Anguissa ya bi ta Coton kafin ya isa Marseille. A 2018 Fulham ta saye shi, cikin cinikin da ta kashe sama da fam miliyan 100 a bazara ɗaya. Ƙarshen kakar ta faɗi daga Firimiya. Shi wannan Anguissa ɗin, da ƙafafunsa biyu da ba su canza ba, ya je Napoli ya ci gasar Italiya a 2023 da 2025. Chelsea kuma ta kashe sama da fam miliyan 500 a kakar 2022/2023, ta ƙare ta 12. Brighton da ta sayo Moisés Caicedo da 'yan miliyoyi kaɗan ta ƙare ta 6, sannan ta sayar wa Chelsea shi a kan fam miliyan 115. Ku gaya mini, wa ya iya kasuwa?

Kada wani ya ce na ce talaka da mai kuɗi ɗaya ne a fili. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 2003 Coton ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, Raja ta Kasabalanka ta doke ta. A 2008 ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka: Al Ahly ta ci 2-0 a Alkahira, aka tashi 2-2 a Roumdé Adjia. A 2013 suka sake haɗuwa a kusa da na ƙarshe, Al Ahly ta wuce da bugun fenariti. A gida Coton ce mai ƙarfin biya, a Afirka kuwa ta gamu da wadda ta fi ta. Al Ahly na iya riƙe gwaninta shekara takwas ko goma saboda albashinta ya ishe shi. Mu namu da ya nuna, sai jirgi. Dokar da ta ɗora mu a kan Yawunde ita ce ta ɗora Alkahira a kanmu.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shafin iyali shi ne 'ya'yanmu. Na san wani abokin kasuwa da ya karyar da kayan shagonsa ya ba wani dillali, wai za a kai ɗansa gwaji Turai. Yaron ya yi wata bakwai a wata ƙasa, ba kulob ba takarda, sai da dangi suka haɗa kuɗin dawowa. Iyaye, ku riƙe wannan: kulob na gaskiya shi ke biya, ba a biyansa. Dokar FIFA ta hana kai yaro ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai a 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Kuma idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shi ya sa kulob mai rajista ke da riba in ya kula da ɗanka, ɗan damfara kuwa ribarsa ta ƙare ranar da ka miƙa masa kuɗi. Aboubakar da ya ci mana Masar a wasan ƙarshe na 2017, ya ci Barazil a 2022, a gida ya fara, sai da ya cika 18 ya fita.

Ga kuma alhazanmu masu ɗaukar nauyin ƙungiyar unguwa ko ta zango, a Marwa ne ko Ngaundare ko Kumasi. Kafin a ɗauko ɗan wasa daga wani gari da kuɗin sa hannu mai tsoka, a zauna a lissafa alawus na wata goma, da kuɗin mota, da magani in an ji rauni, da haƙƙin koci. In jakar ba za ta kai ƙarshen kaka ba, a rage sayayya a riƙe yaran da ake da su. Haka muke yi da yaran shago: wanda ake sallama a kan lokaci shi ke buɗe ƙofa tun da asuba.